Kafin a goge fayil ɗin da ake zaton ya mutu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin kimiyya da fasaha domin in yi magana da masu rubuta manhaja, musamman waɗanda suka gaji aikin da wani ya faro ya tafi. Tambayar da ke hana irin waɗannan sakat ita ce: a cikin ɗaruruwan fayilolin nan, wanne ne yake aiki, wanne ne ya mutu tuntuni aka bar shi kwance a folda? Amma a yi mini afuwa tun da wuri: manhajar da muke rubuta kod a cikinta ita ma edita muke ce mata, don haka duk inda na ce edita ta yi ƙarya nan gaba, ba da kai nake ba.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne, "ban ga mai kiran fayil ɗin nan ba" da "ba a amfani da fayil ɗin nan" magana biyu ce daban. Kuskuren kuma ta fuska biyu yake zuwa. Akwai fayil ɗin da ake kira a wuri uku amma matacce ne, akwai kuma wanda babu layi ko ɗaya da ya ambace shi, amma ranar da aka goge shi manhaja ta durƙushe.

A JavaScript da TypeScript da Python, kowane fayil modul ne mai zaman kansa, kuma duk layin import ko require da aka rubuta a cikinsa kibiya ce da ta tashi daga shi ta nufi wani fayil. In ka zana duk kiban nan, ka samu taswirar aikin. Sai dai taswirar ba ta da ma'ana sai an san mashiga, wato fayil ɗin da ake fara kunnawa: main.ts ne, ko index.js, ko manage.py, ko duk abin da package.json ya nuna a ƙarƙashin main da bin da exports da scripts. Fayil rayayye shi ne wanda za ka iya isa gare shi in ka tashi daga mashiga kana bin kibiya bayan kibiya. Wanda ba a iya isa gare shi matacce ne, ko da fayiloli goma suna kiransa, matuƙar su ma goman ba a isa gare su.

Kafin a bi kibiya kuwa, sai an san inda take sauka, domin abin da aka rubuta a layin import ba koyaushe ne sunan fayil ba. A tsohon tsarin Node (manhajar da ke gudanar da JavaScript a wajen burauza), wato CommonJS, in aka rubuta ./lissafi, zai fara neman fayil mai wannan sunan daidai, sannan lissafi.js, sannan lissafi.json, in bai samu ba ya duba ko folda ce mai index.js a ciki. In sunan bai fara da ɗigo ba, sai ya leƙa node_modules na foldar da yake, ya haura ta sama, ya sake haurawa har ya kai tushe. A sabon tsarin da ya zo da ES2015, wato bugun JavaScript na 2015, Node ba ya yin wannan cankar, dole a rubuta ƙarshen sunan. Shi ya sa a aikin TypeScript za ka ga an rubuta ./lissafi.js alhali abin da ke kan faifai lissafi.ts ne, kuma ba kuskure ba ne. Sannan ga laƙabi: a tsconfig.json, ƙarƙashin paths, ana iya cewa duk abin da ya fara da @/ yana nufin foldar src. Fayil ɗaya ke nan ana iya kiransa da suna huɗu ko biyar. Python kuwa jerin foldodin da ke cikin sys.path take bi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki na farkon da ta samu, kuma foldar fayil ɗin da aka kunna ita ce a gaba. Wannan ne dalilin da ya sa mai koyon da ya sanya wa fayil ɗinsa suna random.py ko json.py yake wayar gari Python ta daina ganin nata na asali.

To, me edita ke iya yi? Zan ɗauki VS Code misali saboda yawan masu amfani da ita, kuma maɓallan da zan ambata na Windows da Linux ne. Ka ɗora alamar rubutu a kan sunan da ke layin import ka danna F12, za ta kai ka inda aka rubuta shi. Wannan shi ne bin kibiya gaba. Bin ta baya kuwa, wato su wa ke kiran abin nan, Shift da F12 ne in kana son ƙaramar taga a wurin, ko Shift da Alt da F12 in kana son cikakken jeri a gefe. Mutane da yawa ba su san akwai irin wannan na fayil sukutum ba: a aikin JavaScript ko TypeScript, ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na maus a jerin fayiloli, ka zaɓi Find File References. Wannan ya samu ne daga TypeScript 4.2 da ya fito a 2021. Sunan da aka shigo da shi ba a yi amfani da shi ba, editar kan dusashe launinsa, kuma Shift da Alt da O na share irin waɗannan ya jera sauran. Masu WebStorm da PyCharm, nasu Alt da F7 ne, suna kuma da Safe Delete a kan Alt da Delete, wanda ke bincikawa kafin ya goge. Akwai kuma saiti ɗaya da ya kamata kowa ya duba, typescript.updateImportsOnFileMove.enabled da takwaransa na javascript: in yana kan always, duk fayil ɗin da ka matsar daga cikin editar za ta gyara layukan da ke kiransa. In ka matsar da shi daga wajenta, ba ruwanta.

Abin lura shi ne, ba editar ce da kanta ke amsa waɗannan tambayoyi ba. Akwai wata manhaja da ke gudana a bayanta, sabar harshe, tsserver ga TypeScript da JavaScript, Pylance ga Python, kuma ita abin da aka nuna mata kawai ta sani. In aikin JavaScript ba shi da jsconfig.json ko tsconfig.json a tushensa, sabar ba ta san iyakar aikin ba, sai ta tsaya ga fayilolin da ka buɗe da waɗanda suke kira. Ka tambaye ta wa ke kiran lissafi.js, ta ce babu kowa, alhali mai kiran yana folda ta gaba, kawai ba ka buɗe shi ba ne. Maganin fayil ne mai layi uku ko huɗu: jsconfig.json da include ɗinsa ya nuna src. A Python, in ba a zaɓi mafassarin da ya dace ba ta umarnin Python: Select Interpreter, ko foldar kod ɗin ba ta cikin python.analysis.extraPaths, labarin ɗaya ne. In kuma ka sauya reshe a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, ko ka taɓa tsconfig.json sai amsoshi suka fara rikicewa, Ctrl da Shift da P, ka nemi TypeScript: Restart TS Server kafin ka yarda da komai.

Binciken rubutu na Ctrl da Shift da F shi ma yana da nasa ramukan. Ba ya leƙa abin da .gitignore ya ware, ko abin da ke cikin search.exclude da files.exclude, sai ka kashe ɗan maɓallin da ke cikin akwatin fayilolin da za a tsallake. In za ka nema, nemi gundarin sunan kawai, ba folda, ba ƙarshe, kuma kada ka kunna bambance babban harafi da ƙarami. In fayil ɗin index.ts ne, sunan foldarsa za ka nema, domin sau da yawa ba a rubuta index a layin import. A tagar umarni, git grep -n -i lissafi na yin wannan aikin a kan duk fayilolin da Git ke riƙe da su, har da na saiti da editar ke iya ɓoyewa.

Yanzu bari mu duba matattun da ke shigar rayayyu, domin su ne binciken hannu ba ya kamawa. A ce akwai folda src/rahoto mai fayil huɗu: tsohonJadawali.ts, tsohonLissafi.ts, sabonJadawali.ts da index.ts. A saman tsohonJadawali.ts an shigo da abu daga tsohonLissafi, a saman tsohonLissafi.ts kuma an shigo da wani nau'i daga tsohonJadawali. In index.ts bai ambace su ba, ka danna na farko ka nemi mai kiransa, amsa ɗaya. Ka danna na biyu, amsa ɗaya. Kowanne na da shaida, amma junansu suke yi wa shaida, babu kibiyar da ta taso daga main.ts ta iso gare su. Tsibiri ne. To, a ce kuma mun buɗe index.ts mun tarar da layi uku, kowanne export * from ne, yana fitar da duk abin da ke cikin fayilolin uku. Yanzu kowa na da mai kira na biyu, kuma wannan karon mai kiran rayayye ne, tunda shafin farko na shigo da sabonJadawali ta cikinsa. A taswirar fayiloli, tsofaffin biyu sun rayu ke nan, alhali babu suna ɗaya nasu da wani ke taɓawa. Irin wannan index ɗin mai tattara kaya ya fi komai ɓoye matattu, kuma ra'ayina shi ne a bar shi ga bakin laburaren da za a miƙa wa wasu, a daina dasa shi a kowace folda ta cikin gida. Nau'i na uku shi ne fayil ɗin da gwajinsa kaɗai ke kiransa: tsohonLissafi.test.ts na nan, kullum yana wucewa da koren launi, kowa na ganin abin na da rai. Shekara biyu ana gyara gwajin abin da babu mai amfani da shi.

Hanyar kama tsibiri ita ce a daina tambayar kowane fayil wa ke kiransa, a tashi daga mashiga. A TypeScript ana iya yin haka ba tare da an sauke komai ba. Ka ƙirƙiri fayil na wucin gadi, ka ce masa tsconfig.mashiga.json, ya gaji na asali ta extends, ka sa files ya ƙunshi src/main.ts kaɗai, ka mai da include jeri marar komai. Wannan na ƙarshen shi ne inda ake tuntuɓe, domin in ba ka wofintar da shi ba zai gaji include na uban, ya kwaso duk foldar src, jerin ya tashi a banza. Sai ka gudanar da npx tsc -p tsconfig.mashiga.json --listFilesOnly (tsc shi ne mai juya TypeScript zuwa JavaScript), ka cire layukan node_modules, ka yanke farkon adireshin domin cikakke yake fitowa tun daga tushen faifai. Wannan shi ne jerin waɗanda aka isa gare su. Jeri na biyu daga git ls-files src zai fito. Ka bi kowanne da sort, sannan comm -23 na biyun da na farkon, wanda ke fitar da layukan da ke cikin na biyun kaɗai, abin da ya rage su ne waɗanda ake tuhuma. In kana son sanin dalilin da ya sa wani fayil ya shiga jeri, --explainFiles zai faɗa maka ko wani ne ya kira shi ko include ne ya kwaso shi, --traceResolution kuma zai nuna maka duk inda aka leƙa kafin a same shi. A nan ne mutum zai gane cewa exclude ba ya hana fayil shiga in wani ya kira shi, include kawai yake tacewa.

Wannan dabarar na kama tsibiri, amma ba ta kama wanda ya laɓe a bayan index. Shi sai kayan aikin da ke bin suna ɗaya-ɗaya, kuma wanda na fi natsuwa da shi a yanzu Knip ne. Da npx knip a tushen aikin zai ba ka fayilolin da ba a isa gare su ba, da sunayen da aka fitar babu mai ɗauka, da kunshin da ke package.json babu mai kira, da waɗanda ake kira amma ba a rubuta su a can ba. A knip.json abu biyu ne ginshiƙi: entry, wato mashigai, da project, wato duk fayilolin da za a auna. In rahoton farko ya ce fayil 200 cikin 300 matattu ne, kada ka yi murna, kusan tabbas mashiga ce ka manta. Gyara entry za ka yi, ba cusa sunaye a ignore ba, domin fayil ɗin da ka ce a kau da kai daga gare shi ba ya zama mashiga, waɗanda ke bayansa za su ci gaba da fitowa a rahoto. Ka gudanar da shi sau biyu, na biyun da --production, wanda ke ajiye fayilolin gwaji gefe; abin da ya bayyana a na biyu bai bayyana a na farko ba, shi ne wanda gwaji kaɗai ke raya shi. Yana da --fix da --allow-remove-files masu goge fayil da kansu, amma ban ba da shawarar a taɓa su a makon farko ba. Madge ma na da amfani, musamman --circular mai nuna fayilolin da ke kiran juna a zagaye, da zana taswira ta --image in an girka Graphviz, sai dai --orphans ɗinsa marayu kawai yake nunawa, wato waɗanda babu mai kiransu sam, don haka main.ts zai fito a ciki, tsibirin can kuwa ba zai fito ba. A tuna a ba shi --extensions ts,tsx da --ts-config, in ba haka ba bai san laƙabi ba.

Duk waɗannan kayan aikin karanta kod suke yi ba tare da sun kunna shi ba, kuma a nan ne ɗaya fuskar kuskuren take, mai tsadar. Jerin da suka ba ka jerin tuhuma ne, kowane suna a ciki sai an saurari uzurinsa.

Uzuri na farko, sunan da ake harhaɗawa lokacin da manhaja ke gudana. In aka rubuta import da cikakken adireshi a cikin alamar zance, ko a tsakiyar kod ne, kayan aiki na iya bi. Amma in adireshin ./harsuna/ ne aka liƙa masa lambar harshen da mai amfani ya zaɓa, to ha.json da fr.json da ar.json babu layin da ya ambace su da suna. Haka import.meta.glob na Vite da require.context na webpack ke kwasar folda guda da tsari ɗaya, haka importlib.import_module ke yi a Python. Kafin ka goge komai, nemi waɗannan kalmomin a duk aikin, ka rubuta foldodin da suke nunawa, ka sanya su cikin mashigai.

Na biyu, fayilolin da wurin zamansu ne ke kiransu. A Next.js, page.tsx da layout.tsx da route.ts da ke cikin foldar app, da duk abin da ke cikin pages, tsarin ne ke ɗaukarsu saboda sunansu. A Django, admin.py da foldar templatetags da management/commands haka suke, kuma INSTALLED_APPS da MIDDLEWARE adireshi ne a cikin alamar zance, ba import ba. Pytest na tsintar conftest.py da duk fayil mai farawa da test_ da kansa. Foldar migrations kuwa, mai riƙe da matakan gina rumbun bayanai, a bar ta kurum. Fayil na 0003 na iya zama shekara biyar babu wanda ya buɗe shi, amma na 0004 ya dogara da shi, kuma duk ranar da za a gina sabon rumbun bayanai daga farko sai an bi ta kansa.

Na uku, masu kira daga waje. Dockerfile na iya kwafar wani fayil ya kunna shi. Foldar .github/workflows na iya gudanar da scripts/tsaftace.js kowane dare. Akwai crontab, jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu a kan saba, wanda ba ya ma cikin ma'ajiyar kod ɗin. Hoto ko fayil ɗin rubutu da ke foldar public ta adireshin intanet ake kiransa, wataƙila daga CSS, wataƙila daga saƙon imel da aka tura bara, wataƙila sunansa na cikin rumbun bayanai. Irin wannan rajistar saba ce ke da amsarsa, kuma rajistar mako ɗaya ba ta isa ba, domin akwai aikin da sai ƙarshen wata yake tashi, akwai na ƙarshen shekara. In kuma abin da kake rubutawa laburare ne da wasu ke saukewa, duk abin da ke cikin exports rayayye ne ko da kai ba ka kiransa.

Na huɗu ya fi sauran dabara: fayil ɗin da ake kira don abin da yake aikatawa yayin lodawa, ba don wani suna da yake bayarwa ba. Layi irin import './saiti' ba ya ɗauko komai, amma shi ke girka abin da sauran ke tsammani. Fayilolin .d.ts masu bayyana nau'i ga aikin gaba ɗaya su ma babu mai kiransu, kuma za su fito a jerin comm ɗin can. A Python abin ya fi haɗari, domin layin da ke shigo da signals a cikin apps.py na Django kamanninsa ɗaya da import ɗin da aka manta. Masu duba kod irin Ruff ko Flake8 za su liƙa masa F401, alamar import marar amfani, in kuma ka ba Ruff --fix ta share shi. Babu kuskuren da zai fito, manhaja za ta tashi lafiya lau, saƙon da ake turawa bayan rajista ne kawai zai daina zuwa, sai bayan kwanaki wani ya lura. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Irin wannan layin a bi shi da # noqa: F401 da ɗan bayanin dalili, sunayen da __init__.py ke sake fitarwa kuma a jera su a __all__.

Tunda Python ta fi sakin jiki da irin wannan, a can shaidar gudanarwa ta fi shaidar karatu nauyi. Vulture na neman matattun sunaye, yana kuma faɗin yawan tabbacinsa: kashi 60 ga ayyuka da ajujuwan da bai ga mai kiransu ba, 90 ga import, 100 ga layin da ba za a taɓa isa gare shi ba. Ka fara da --min-confidence 90, ka sauko daga baya. Tun daga Python 3.7, python -X importtime na buga duk modul ɗin da aka loda da lokacin da ya ci, sys.modules kuma na riƙe da jerinsu muddin manhaja na gudana. Sannan ga coverage, mai auna layukan da aka gudanar: in aka ba shi --source, har fayilolin da ba a taɓa lodawa ba yana kawo su da sifili. Sifili a gwaji ba hukunci ba ne, wataƙila gwajin ne bai kai can ba. Amma fayil ɗin da vulture ya tuhuma, bai bayyana a importtime ba, coverage ya ba shi sifili, git grep kuma bai ga sunansa ko a cikin alamar zance ba, wannan kam shaidu huɗu sun haɗu a kansa.

Gogewar ita ma da tsarinta. A buɗe sabon reshe. A goge da git rm, rukuni-rukuni, kowane rukuni da komit ɗinsa, wato ajiyar sauyi guda a Git, kada ya wuce fayil biyar zuwa goma masu alaƙa da juna, kuma kada a cakuɗa shi da wani gyara. In abu ya lalace, git revert ɗaya ya wadatar. Bayan kowane rukuni a gudanar da npx tsc --noEmit, da gwaje-gwaje, da cikakken gini. A nan akwai tarkon da ke kama har ƙwararru: tsc ba ya share tsofaffin fayilolin da ya taɓa fitarwa. Ka goge lissafi.ts, amma dist/lissafi.js na nan tun ginin jiya, komai na tafiya a kwamfutarka, sai an kai saba inda ake gini daga farko abin ya fashe. Don haka a share dist kafin gwaji, ko ma a sauko da ma'ajiyar sabuwa fil a wata folda a gina a can. Mai son git clean ya fara da -n ya ga abin da za a share, domin in ya haɗa da -x zai tafi da fayil ɗin .env nasa mai ɗauke da saitinsa na sirri. Daga nan a sake gudanar da binciken, saboda goge fayil ɗaya kan fallasa sunaye da kunshin da shi kaɗai ke riƙe da su, kuma a kan yi zagaye biyu ko uku kafin rahoto ya tsaya.

Wanda ake shakkarsa kuwa, a sa masa layi ɗaya a samansa da zai rubuta a rajista duk lokacin da aka loda shi, a tura, a jira zagayen aiki ya cika. Abin da ban yarda da shi ba shi ne foldar da ake kira old ko backup, ko mai da fayil guda sharhi "ko za a buƙata". Git na riƙe da shi: git log --diff-filter=D --name-only zai nuna komit ɗin da aka goge shi, git restore da --source na komit ɗin da ya gabace shi zai dawo da shi.

Wani zai ce, tunda kayan haɗa manhaja irin webpack da esbuild ba sa ɗaukar fayil ɗin da ba a isa gare shi ba, ina ruwan wani da matattu? Gaskiya ne ba sa ƙara wa mai amfani nauyi, in ban da waɗanda suka bi ta index suka shige. Nauyinsu a kan masu aikin yake. Include na kwaso su, tsc na duba su kowane gini. Suna cika sakamakon bincike. Suna riƙe da kunshin da ake ta sabuntawa saboda gargaɗin tsaro alhali babu mai buƙatarsa. Sabon ma'aikaci kuma na iya kwana biyu yana gyara tsohonLissafi.ts yana mamakin me ya sa babu abin da ya canza.

Abu biyu a taƙaice da bin kiban nan ke tonowa. Kira mai zagaye, inda a ke kiran b, b ke kiran a: a Python saƙon kan ambaci partially initialized module, a CommonJS kuwa lodawar ba ta tsayawa, sai ka samu abu rabi ko undefined, kuma maganin yawanci a ciro abin da suke rabawa a kai shi fayil na uku. Sai babban harafi da ƙarami: Windows da macOS a saitinsu na asali ba sa bambance Lissafi.ts da lissafi.ts, Linux na bambancewa, kuma yawancin sabobi Linux ne. A kunna forceConsistentCasingInFileNames, a kuma sauya irin wannan sunan da git mv.

Harshen Go ya huta da rabin wannan, domin import ɗin da ba a yi amfani da shi ba kuskure ne da ke hana gini baki ɗaya. Sauranmu sai mun ɗora wa kanmu: noUnusedLocals a tsconfig.json, F401 a Ruff, import/no-cycle a ESLint, sannan da zarar rahoton Knip ya koma sifili, a sa shi cikin gwajin da ke gudana kafin a haɗe kowane reshe, ta yadda wanda ya cire kira na ƙarshe ga wani fayil shi zai ga jan launi a ranar, tun yana tune da dalilin.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja